Shimfiɗar A-Kori-Kura

Unguwar Daurawa ta birnin Kano tana zaune ne a bakin hanyar Maiduguri, tana maƙwabtaka da Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi, watau dai a tsakiyar hanyoyin da kaya ke bi in za su shiga gari ko za su fita. In aka miƙa gabas za a tarar da Hotoro da Mariri mai kasuwar goro, har a dangana da Wudil inda kasuwar dabbobi ke ci ran Juma'a. In kuwa aka karya ta mahaɗar Dangi aka ɗauki hanyar Zariya, ga Unguwa Uku, ga 'Yan Lemo da 'Yan Katako can wajen Na'ibawa. Manyan motoci su ke sauke kaya a waɗannan kasuwanni, amma ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda Bahaushe ya raɗa wa suna a-kori-kura, ita ke kwasar su ta shiga da su lungu da saƙo. A shekarun 1970 da 1980 ƙirar Peugeot 404 da 504 su suka riƙe wannan aiki, zamanin da sunan Peugeot ya cika ƙasa bayan an fara harhaɗa motocinsa a Kaduna a 1975. Daga baya ƙirar Japan irin su Hilux suka karɓe fagen.

A wannan unguwa akwai wani dattijo da ya shafe ƙuruciyarsa yana tuƙi a wata masaƙa ta Bompai. Da masaƙar ta rufe sai ya koma jan motocin mutane, kullum yamma ya kai wa mai mota balas, ya tsira da abin da ya rage. Sai da furfura ta game masa kai sa'an nan ya sayar da rabonsa na gonar gado, ya haɗa da ɗan abin da ya tara, ya sayi a-kori-kura ta hannu ƙirar Japan. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin shi ne dalilin da ya sa maganar shimfiɗa, wadda wani zai ɗauka wasa ce, ta zama babbar magana a gidan. Gonar ta tafi, ba kuwa wata. Abincin gidan da kuɗin makarantar yara duk sun koma kan ƙarfen nan mai ƙafa huɗu.

Ran da aka kawo motar kowa ya yaba, don fentinta na ƙyalli, an kuma malala mata jan kafet mai kauri tun daga gaba har bodi. Dattijon bai ce kome ba sai da 'yan ganin mota suka watse. Sa'an nan ya sa hannu ya ɗaga kafet ɗin bodi. Abin da ya tarar a ƙasa shi ne jiƙaƙƙen yashi, da ɓawon tsatsa mai ɓarewa kamar ƙanzo, da wani wuri kusa da tudun taya inda ya danna da babban yatsa ƙarfen ya lotsa. Kyan ɗan maciji ke nan. Wanda ya riƙe motar a dā bai shimfiɗa kafet don ya kare daɓen ba, ko kuwa ya shimfiɗa don haka amma bai san kafet ɗin ne ke cin daɓen ba.

Mai gyaran bodin da aka kai wa ita ya yi masa bayani irin nasu na masu sana'a, wanda bai saɓa da abin da ake koyarwa a ajin kimiyya ba. Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun haɗu a kansa, fenti kuwa shi ne katangar da ke tsakaninsu. To, a Kano abubuwa biyu ne ke taruwa su rushe wannan katanga. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ƙarƙashin kowace irin shimfiɗa, ta haɗu da yashin da takalma da buhuna ke kawowa, motar na tafiya shimfiɗar na motsi, yashin na goge fenti sannu a hankali. In damina ta sauka, musamman a watan Agusta, ruwa ya sami ƙarfe tsirara, shimfiɗar kuma ta hana rana busar da shi. Daɓen da aka bari a buɗe kan bushe da fitowar hantsi, amma wanda aka lulluɓe da kafet yana iya kwana bakwai a jiƙe. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Sa'an nan ga irin lodin da a-kori-kura ke ɗauka. Yau kwandunan tumatir daga 'Yankaba suna zubar da ruwa mai tsami, gobe buhunan takin zamani ko na gishiri, jibi siminti, gata kuma raguna suna fitsari. Gishiri da taki su suka fi kome ɓarna, don suna jawo laima daga iska su riƙe ta, suna kuma gaggauta cin ƙarfe. Tsinken ƙarfe da bulo su nasu karce ne da lotsawa. Ashe ke nan ba shimfiɗa ɗaya da za ta yi maganin kowane lodi, sai dai mutum ya dubi abin da ya fi ɗauka.

A nan ne babban ɗansa, wanda ke karatu a jami'a, ya shigo maganar. Shi abin da ya gani a motocin ma'aikatu da na ƙungiyoyi shi ya ba shi sha'awa, watau baƙar robar nan mai tauri da ake zubawa a ƙirar bodin mota, a zura ta gaba ɗaya kamar kwano cikin kwano, a ɗaure da noti.

"Baba," in ji shi, "in aka saka wannan an huta. Ba ta tsatsa, ba ta shan ruwa, kuma mai neman shata in ya ga motar fes ita zai fara kira."

Dattijon, da yake ɗan fari ne ba ya kama sunansa, sai ya ce, "Kai wannan yaro, ita robar ce ba ta tsatsa. Abin da ke ƙarƙashinta fa? Wa zai kwance noti goma duk mako don ya leƙa?"

Gaskiya tana wajen dattijon. Irin wannan roba tana kare daɓe daga duka da karce, ba musu, amma ba ta manne wa ƙarfe ko'ina da ko'ina. Ruwa da ƙura suna sulalewa ta gefe su kwanta a ƙasa, robar kuma tana gugar fenti a duk inda ta taɓa, ga shi kowane rami da aka huda don noti sabuwar ƙofa ce ga tsatsa. Ban da haka tana da santsi. Firji ko madubin kayan ɗakin amarya in ba a ɗaure da kyau ba sai ya zame ya bugi bango a birkin farko, rago kuwa ya tale ƙafa ya karye kafin a kai shi gida, asarar ta hau kan mai mota.

Akwai wata hanya da ta fi wannan, ita ce ta fesa wa daɓen wani ruwan roba mai kauri wanda ke daskarewa ya manne wa ƙarfe, ba ya barin sarari ko na allura. A mota sabuwa haƙiƙa shi ne zaɓin da ya fi. Sai dai yana da tsada, kuma ingancinsa duk yana ga yadda aka kankare daɓen kafin a fesa. Wanda ya fesa shi a kan tsatsa ya rufe ciwo ne da sabuwar riga. Katako kuma, wanda tsofaffin direbobi suka saba jerawa, ga shi nan birjik a Na'ibawa, yana ɗaukar duka, yana riƙe kaya kada su zame. Aibinsa yana shan ruwa, kuma nauyi ne da motar za ta yi ta jigila da shi ko da lodi ko babu. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ba direban da ke ɗaukar nauyin banza da wasa.

Abin da dattijon ya yanke a ƙarshe ba shi da kyan gani ko kaɗan. Ya sa aka yanke ruɓaɓɓen wurin aka yi masa faci da walda, aka kankare daɓen duka, aka shafa jan fentin nan na tsare tsatsa sa'an nan aka bi da baƙi. Ya sa aka buɗe 'yan ramukan zubar ruwa da ke kusurwoyin bodi, waɗanda laka ta toshe shekara da shekaru. Daga nan ya nemo tsohon bel ɗin roba mai faɗi, irin wanda ke jan kaya a masana'antu, wajen masu sayar da tsofaffin kayan ƙarfe a Ƙofar Ruwa. Bai bari an shimfiɗa shi a dunƙule ba, sai ya sa aka raba shi gida uku, yadda mutum ɗaya zai iya ɗaga kowane yanki ba tare da neman taimako ba. Ba a kafa masa ƙusa ko ɗaya ba, nauyinsa ne ke riƙe shi. Filanki huɗu kuma suna jingine a soro, ba sa hawa mota sai ran ɗaukar bulo ko injin. In dabbobi ne, a watsa buntun shinkafa ko yashi a kan robar, a share da an sauke. Kowace Juma'a da safe, kafin a tafi masallaci, yaron mota ya fid da yankunan uku ya jingine su a rana, a share daɓen, dattijon ya bi shi da ido da tafin hannu.

Maganar gaban mota kuwa, inda direba ke ajiye ƙafa, can ne lissafin ya juya. Dattijon ya yarda kafet ba ya yi wa mai shiga kasuwa da damina, ledar tsakar ɗaki kuma zafin Maris da Afrilu kan busar da ita ta tsattsage. Ya yarda a sayi shimfiɗar roba mai ɗagaggen baki, wadda ke tare ruwa da laka kamar faranti, a fid da ita a zubar. Amma da aka sayo sai ya ce a ɗora ta a kan guntun tsohon kafet, don kada a yi asararsa, kuma don ƙafa ta ji taushi a doguwar tafiya. Wadda aka sayo ɗin ma irin ta kowa-da-kowa ce, ba a yanka ta a kan ƙirar motar ba, ta fi wurin tsawo da kusan faɗin tafin hannu.

Yaron ya ƙi. Ya durƙusa a bakin ƙofar mota ya tura robar gaba da hannu kamar yadda diddige ke tura ta in ana tuƙi, sai ga bakinta ya hau kan totur. Ya ce, "Baba, taka ka gani." Dattijon ya taka har ƙasa ya ɗaga ƙafa, totur ya dawo, amma da jinkiri, yana gugar bakin robar.

Ba tsoro ne na ɗan boko ba. A watan Agustan 2009, kusa da birnin San Diyego na Amurka, mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka rasu a cikin wata mota ƙirar Lexus da ta ƙwace da gudu ta ƙi tsayawa. Masu bincike suka tarar an saka mata shimfiɗar roba ta wata motar daban, wadda ta fi tata tsawo, ba a kuma maƙala ta a ƙugiyoyinta ba, ita ce ta riƙe totur a ƙasa. Bayan wannan kamfanin Toyota ya kira motoci wajen miliyan 4 a Amurka don gyara, ya kuma shawarci masu su da su cire shimfiɗar gefen direba kafin a gyara. Dalilin ke nan da ya sa masu ƙera motoci ke kafa 'yan ƙugiyoyi a daɓen gefen direba, suna kuma hana ɗora shimfiɗa a kan shimfiɗa. Mutum ya kwatanta haka a hanyar Maiduguri da la'asar, tsakanin 'yan adaidaita-sahu da yara masu tasowa daga Islamiyya, ga buhu ashirin a baya.

Dattijon bai yi gardama ba, bai kuma ce yaron ya yi gaskiya ba, don ba a san uba da faɗin haka ba. Cewa ya yi a miƙo masa wuƙa. Ya fid da kafet ɗin ya jefa wa yaron mota, ya auna robar a daɓe, ya rage mata tsawo har sai da ta bar sarari mai kyau tsakaninta da totur da birki da kuloci. Ƙugiyoyin motar sun daɗe da karyewa, saboda haka aka koma wajen mai walda ya kafa wasu biyu ta wajen kujera, aka huda robar daidai su. Aka taka kowane feda har ƙasa sau uku uku, injin a kashe, kafin motar ta fita aiki.

Akwai shimfiɗa ta uku a motar, wadda ba a yi shawararta da kowa ba. A unguwa irin Daurawa mai a-kori-kura ba na kansa ba ne shi kaɗai. In an yi rasuwa, musamman in gidan na da nisa ko ana ruwa, ƙofarsa ake bugawa don a kai makara Maƙabartar Tarauni, kuma ba a kawo maganar kuɗi. Dattijon ba ya son a ɗora bawan Allah a kan robar da jiya raguna suka tattake, kome wankin da aka yi mata. Don haka ya sayi sabuwar tabarmar kaba mai faɗi, ya naɗe ta cikin wankakken buhu, ya ajiye bayan kujera. Yaron mota ya taɓa jawo ta zai yi barcin rana a inuwar darbejiya, ya sha faɗan da bai taɓa sha ba. In an bugo ƙofa, sai a fid da yankunan robar nan uku a jingine a bango, a wanke daɓen da ruwa da sabulu, a goge shi ya bushe, sa'an nan a warware tabarmar.