Bindigar Bayan Ƙofa da Tsuntsun Dawa

A gidaje da dama na zangon Kwadaso, kamar yadda yake a Aboabo da Asawase da Sabon Zango, akwai abin da ba a cika ambatonsa a gaban baƙi ba. Yana naɗe cikin tsohon zane, a saman kabad ko a bayan ƙofar ɗakin maigida. Bindiga ce, yawanci gajeriya, irin wadda ake jan mariƙin gabanta baya a mayar kafin kowane harbi, wadda mutane ke kira fam-akshin. Tsoro ne ya sa muka saye ta. Mu mutanen kasuwa ne. Mai albasa yana fita tun kafin assalatu ya tari mota, mai shanu yana kwana da kuɗin jama'a a ƙarƙashin matashi. Duk wanda ya taɓa jin ana dukan ƙofar maƙwabcinsa da ƙarfe biyun dare ya san abin da ke kai mutum wurin 'yan sanda neman lasin.

Sai shekaru su wuce ɓarawo bai zo ba, alhamdu lillahi, bindiga kuwa tana nan tana tsatsa. Daga nan tambaya kan taso, musamman a bakin samarinmu masu kallon wasannin harbi a waya. Tun da ga ta, me zai hana a fita da ita daji a harbo zabo ko makwarwa? Me zai hana a gwada ta a harbin faifan nan da ake cillawa sama? Tambayar ta cancanci amsa ta gaskiya, domin tsawa ba ta taɓa koya wa yaro komai game da makami ba.

Mu fara da ƙarfen kansa. Bindigar tsaron gida da ta harbin tsuntsu 'yan uwa ɗaya ne, sau da yawa harsashi iri ɗaya suke ci, mai lamba 12. Bambancinsu yana wuri uku. Na farko tsawon bututu: na tsaron gida bai cika wuce santimita 47 ba, don a iya juyawa da shi a lungu da zaure, na farauta kuwa yakan kai santimita 66 zuwa 71. Tsawon nan ba wani ƙarfi mai yawa yake ƙara wa harbi ba. Amfaninsa shi ne nauyin da yake sa wa a gaba, wanda ke sa hannu ya bi tsuntsu a hankali ba tare da fizga ba.

Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, shi ne matsin baki. Bututun farauta a ɗan matse yake daga ƙarshe, don ƙwayoyin dalma su tafi a haɗe. Na tsaron gida a buɗe yake tun daga gindi har baki. Masu gwaji sukan zana da'ira mai faɗin santimita 76 a nisan kimanin mita 36 su harba. Buɗaɗɗen bututu yakan sa wajen kashi 40 cikin 100 na ƙwayoyin a cikin da'irar, mai cikakken matsi kuwa wajen kashi 70. Ke nan gajeriyar bindiga za ta iya kayar da makwarwar da ta tashi daga ƙarƙashin ƙafa, ko kurciyar da ta gifta a mita 20 zuwa 25. Bayan haka sai ta raunata tsuntsu ya tafi ya mutu a ciyawa, ba a ci ba, ba a bar shi da ransa ba.

Na uku harsashi. Wanda ake ajiyewa don ɓarawo yakan ƙunshi manyan ƙwayoyi takwas ko tara, kowace ta kai girman ƙwayar wake. Na ƙananan tsuntsaye, mai lamba 7½, yana da ƙwaya kusan 350 a cikin giram 28, zabo kuwa yana son lamba 4 zuwa 6. Wanda ya harbi tsuntsu da harsashin ɓarawo ko ya kuskure shi ko ya ragargaza naman, sauran ƙwayoyin kuma su wuce su tafi nisan da ya zarce mita 500. Wasu bindigogin, irin su Remington 870 da Mossberg 500, an ƙera su yadda za a iya cire bututu a sa wani, amma ko wannan ba a yin sa sai an tuntuɓi ofishin da ya rubuta bindigar.

Amsar ƙarfe ke nan: za ta yi, a kusa, da harsashin da ya dace. Saura amsar hannun da ke riƙe da ita, kuma a nan ne maganarmu take.

Tarihinmu da bindiga a ƙasar nan tarihi ne na daban. Tonawa sun samu bindigogi daga Turawan bakin teku, suka kuma tsare hanya kada makamin ya wuce arewa, don haka fataken da suka zo Salaga sayen goro da takobi da mashi da baka suka tsare ayarinsu. Daga baya Hausawa suka riƙe bindiga a matsayin sojan Ingila, a yaƙin 1874 da aka ƙone Kumasi, da kuma a 1900 lokacin da Yaa Asantewaa ta kewaye ganuwar Turawa. Zangon Kumasi ya bunƙasa ne bayan waɗannan shekaru, da fatake da malamai da mahauta da tsofaffin soja. A ƙasar Hausa kuwa harbi sana'a ce mai sarauta, akwai Sarkin Baka, akwai gidajen da aka san su da ita. Ɗan maharbi yakan daɗe yana ɗaukar jaka da gora a bayan ubansa kafin a bar shi ya taɓa kunama. A wannan tafiyar yake koyon inda ake nuna baki, da yadda ake tsallake rafi da makami, da lokacin da ake sauke hannu a bar dabba ta wuce. Mu a zango mun gaji kasuwa da allo da wuƙar fawa, amma wannan makaranta ba ta biyo mu ba. Mun samu bindiga da kuɗinmu, ba mu samu malaminta ba.

Wani tsoho daga cikin masu kawo naman daji kasuwar Atwemonom ya taɓa amsa wa wani saurayinmu wannan tambaya. Saurayin ya ce, "Baba, bindigar gidanmu za ta yi zabo?" Tsohon ya ce, "Ɗana, za ta yi. Amma faɗa mini, me ke bayan zabon?" Saurayin ya yi shiru.

Me ke bayan zabon a Kwadaso ta yau? Dattawanmu sun san lokacin da garin yake bakin daji, in ka wuce makarantar aikin gona sai gonaki da kurmi. Yanzu tun 2018 Kwadaso ƙaramar hukuma ce mai zaman kanta, gidaje kuma sun haɗe ta Tanoso har Abuakwa. Ko ƙananan ƙwayoyin harbin tsuntsu suna tafiya kusan mita 200 kafin su faɗi. A wannan tazarar akwai rufin kwano, akwai mai shanya, akwai yara masu dawowa daga makarantar allo. Wurin da ya rage mana mai yawan tsuntsaye kusa da gari shi ne Owabi, a arewa maso yamma, kuma nan hurumi ne, an haramta farauta a cikinsa. Tun 1988 yana cikin jerin dausayin da duniya ta amince a kiyaye, madatsarsa kuma tana cikin wuraren da Kumasi ke shan ruwa.

Doka ma ta raba abin da muke haɗawa. Lasin riƙe bindiga daga 'yan sanda yake, ƙarƙashin dokar makamai ta 1972 da gyare-gyarenta, ana kuma sabunta shi kowace shekara. Izinin farauta daban ne, daga sashen kula da namun daji na hukumar gandun daji. Kowace shekara daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba ana rufe farauta a faɗin Ghana, domin lokacin haihuwa ne da reno, in ban da gyazbi, shi ma sai da takarda. Mai son harbin tsuntsu dole ya yi tafiya mai nisa, ya nemi yardar masu ƙasa, ya fita a watannin da aka buɗe. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Abin da muka karanta a zaure bai saɓa wa wannan ba. Risala, wadda yawancinmu muka durƙusa a gabanta, ta halatta farautar da ake yi don buƙata, ta karhanta wadda ake yi don shagala kawai. Malamanmu sun koya mana a ambaci sunan Allah yayin harbi, a yanka abin da aka tarar da sauran rai, kada a mai da mai rai abin gwajin hannu, kada kuma a nuna wa ɗan uwa makami ko da wasa. Wanda yake son ya koyi harbi a jikin kurciyar da ba zai ci ba, ya saɓa tun kafin ya ɗana.

A nan ne faifan yumɓu yake da daraja. Turawa ma da tantabaru masu rai suka fara wannan wasa, har a gasar Olamfik ta Faris a 1900 an harbe su da yawa. A 1880 wani Ba'amurke mai suna George Ligowsky, mutumin Cincinnati, ya ƙera faifan da ake cillawa ya tashi kamar tsuntsu, a 1921 kuma Ingila ta hana harbin tsuntsayen da aka kama aka saki don gasa. Faifan yau faɗinsa santimita 11 ne, nauyinsa kimanin giram 105, kuma ko da yake sunan yumɓu ya bi shi, da kwalta da garin farin dutse aka fi yin sa. Wasan bai tsaya a hannun Turawa ba: Ahmed Al Maktoum na Dubai ya ci zinariya a Atina a 2004, Fehaid Al-Deehani ɗan Kuwait ya ci a Riyo a 2016. Akwai nau'in da faifai ke giftawa a gaban mai harbi a kusan mita 20, wanda ake kira sikit, kuma a nan buɗaɗɗen bututu yana yin abin kirki. Akwai wanda faifan ke gudu yana nisa, mai suna taraf, inda gajeriyar bindiga ke wahala. Wasu filayen ma ba sa karɓarta saboda ƙararta.

Amma fasa faifai shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da filin ke koyarwa. A can ba a ɗana bindiga sai mutum ya tsaya a mazauninsa. Tana buɗe a hannu kowa na ganin ba komai a cikinta. Baki yana kallon inda ba mutum, yatsa yana nesa da kunama har sai an ga abin harbi. Ana maimaita wannan sau ɗari har ya zama ɗabi'a. A can kuma mutum ke rabuwa da tatsuniyar da ke yawo a tsakaninmu, cewa wannan bindiga ba ta buƙatar saiti. A faɗin ɗaki, mita huɗu ko biyar, ƙwayoyin ba su baje fiye da tafin hannu ba. Wanda ya kuskure a gidan haya mai ɗaki ashirin, ƙofar katako ba za ta tare masa komai ba, a bayanta kuma iyalin wani ne ke barci. Ba a fafe gora ranar tafiya, haka ba a koyon bindiga daren da aka fasa gida.

Abin da ke kan layi ran 'ya'yanmu ne. Mun ga bindigar tsaron gida tana fita ranar Sallah da ranar ɗaurin aure da ranar naɗin sarauta, a hannun samari a kan babur, ana harbi sama a tsakiyar taro, kuma zangunan ƙasar nan sun yi jana'iza saboda haka. Masu yin sa sukan ce al'ada ce, suna tuna 'yan bindigar hawan Sallah na Kano da Katsina. Waɗancan albarushi suke ɗurawa don ƙara da hayaƙi, suna da shugaba, suna da wurin tsayawa. Harsashi mai dalma a titin da ya cika da mata da yara ba shi da dangantaka da wannan gado.

Saboda haka ga abin da muke gani. Wanda yake da bindiga ba takarda ya je ya daidaita da hukuma, domin ba filin ƙwarai da zai karɓe shi, ba kuma dajin da zai shiga da kwanciyar rai. Wanda yake da takarda ya kulle bindigar a wuri ɗaya, harsashi a wani wuri, mabuɗi a jikinsa. In ya dawo daga daji ya sauke ta tun kafin ya shiga mota, ya duba da ido da yatsa. Sarakunan zango da limamai kuma, su da ke sasanta aure da gado da rikicin kasuwa, suna da bakin da za su yi magana da 'yan sanda da hukumar kula da ƙananan makamai, wadda aka kafa da dokar 2007, a nemi fili nesa da gari da malami mai izini, inda masu lasin za su riƙa zuwa koyo. Yadda muke haɗa kuɗi mu gina masallaci mu sayi motar ɗaukar gawa, ba za mu gaza haɗa na na'urar cilla faifai ba.

Ga saurayin da ya yi tambaya, amsarmu ita ce e, da sharaɗi. Fara da faifai, a gaban wanda ya fi ka sani. In hannunka ya zauna, lokacin farauta ya buɗe, takardunka sun cika, to je dawa mai nisa, ka harbi abin da za ka ci a tazarar da bindigarka ke iya kaiwa, ka bar saura su tashi. Allah ya tsare gidajenmu, ya sa kada mu buƙaci abin da ke bayan ƙofa.