Tambayar da Auta ta bari ƙarshe

Ni ban yi boko ba. Allo na yi a Garwa, rubutun boko kuwa a jikin kwalayen kaya da rasit na koye shi. Faransancina na kasuwa ne, iyakarsa ciniki da musu da mai taksi. Don haka idan yara suka baje littattafai bayan isha'i, nawa bai wuce in biya kuɗin makaranta in ce Allah ya ba da sa'a ba.

Wani dare aka ɗauke wuta a nan Briqueterie, hayaƙin masu tsire ya cika layi kamar kullum. Auta, wadda ke shirin jarrabawar bak bana, ta kwaso littattafanta ta zo shago saboda fitilata mai caji. Aikin gida ne na darussa daban-daban ya taru mata. Na ce ta riƙa karantowa tana juya mini da Hausa, ko ba komai an rage zaman shiru.

Na kwamfuta ta fara: a rubuta wa na'ura umarni ta nemo lamba mafi girma a cikin jeri. Na ce ai abin da nake yi da littafin bashi ke nan. Ka riƙe na farko a ka, in ka ga wanda ya fi shi ka saki wancan ka kama wannan, har ƙarshen shafi. Ta ce haka ne, ta rubuta a takarda, don kwamfutar ba mu da ita. Na biyu kuɗin ruwa ne: an ci bashin sefa dubu 500, ruwa kashi 10 cikin 100 duk shekara, ruwan ma yana haihuwa, nawa za a biya bayan shekara uku? Kafin ta gama danne-dannen waya na ce 665,500. Na ce ta rubuta ta ci makinta, amma kada ta kusanci abin. Mu adashi ne ya rufa mana asiri.

Da ta karanto na tattalin arziki sai na gyara zama. Wai a bayyana abin da karya darajar sefa a 1994 ya jawo. Wannan ba a littafi na gan shi ba. A watan Janairu na shekarar ina yaron shagon kawuna, muna sayar da shadda da atamfa. Muka kwana faran Faransa ɗaya yana sefa 50, muka tashi yana 100. Duk abin da ake shigowa da shi daga Turai ya ninka. Mu kuwa mun riga mun ba da rabin kayan shago bashi ga matan ma'aikata, waɗanda aka zaftare wa mazajensu albashi har sau biyu a 1993. Kuɗin da ya dawo hannunmu, a hankali a hankali, bai sayi rabin abin da ya fita ba. Kawu bai sake tsayawa da ƙafarsa ba har ya rasu. Littafin Auta ya ce matakin ya taimaki masu fitar da koko da auduga. Wataƙila. Ni dai na ce ta sa duka biyun. Na kuma nuna mata cewa har yau kuɗin a ɗaure yake, Yuro ɗaya sefa 655 da 'yan kai, kuma babban bankin ƙasashe shida da ke fitar da shi yana nan cikin Yawunde.

Na Tarayyar Afirka da kasuwar bai-ɗaya da aka buɗe a 2021 ban ja shi ba. Cewa na yi ta tambayi malaminsu ko ya taɓa rako kaya daga Kano ya ƙirga shingayen hanya.

Sai ta yi shiru, tana juya shafi gaba da baya. Na ce saura me? Ta ce na ilimin halittu, a kan sikila. Ta zana gida huɗu a takarda. Ta ce idan uba yana da AS uwa ma AS, su lafiyarsu lau, ba su ma san suna ɗauke da komai ba. Amma kowane ciki, gida ɗaya cikin huɗun nan SS ne, biyu AS, ɗaya AA. Mai SS jininsa kan lanƙwashe kamar lauje ya toshe ƙananan jijiyoyi, sai ciwon ƙashi, kumburin hannu da ƙafa tun yana jariri, ido ya yi rawaya, jini ya riƙa ƙarewa.

Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, ba haka Inna ta ce Yaya ya yi ba?"

Ɗanmu na fari take nufi, wanda ba ta taɓa gani ba. Shekararsa shida ya rasu. A lokacin an ce sanyin ƙashi ne, an ce iska ce, akwai ma tsohuwar da aka daina gaisawa da ita a gidan haya saboda zargi, Allah ya yafe mana. Mun sha rubutu, mun yi turare, mun je asibiti sau biyu aka ƙara masa jini, wani likita ya faɗi wata kalma da Faransanci ban gane ba, kunya ta hana ni tambaya. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma shekara ashirin da wani abu ban san sunan abin da ya ɗauke yaron ba, sai ga shi a gida huɗu da 'yar shekara goma sha takwas ta zana da biro.

Uwargida 'yar kawun nan nawa ce. Kuma yayar Auta, an riga an karɓi kuɗin gaisuwarta, ɗan yayana na Garwa zai aure ta bayan babbar salla.

Sati biyu na yi ina juya maganar kafin na kwashi gidan muka je aka auna mu. Ni AS, uwargida AS, amarya AS, Auta AA. Na kira Yaya a waya, na yi ta kewaye-kewaye kafin na ce ina roƙon yaron ma ya je a duba. Ya ce, "Yaushe muka fara auna jini kafin mu haɗa zumunci? Ko dai kun samu wanda ya fi shi ne?" Na ce, "Yaya, kai ka sa yaron nan a kabari da hannunka." Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce zai yi shawara.

Yau kwana tara ke nan. Uwargida ta dakatar da sayen kayan ɗaki, amarya ba ta yi mini magana sai gaisuwa. Auta kuwa ta dawo da takardarta, ta samu 16 cikin 20. A tambayar sefa aka rage mata maki, wai ta fita daga darasi.