Ajin da Yara Ke Ganin Cuta da Idonsu

Makarantar ba ta da katanga. Idan ka sauka daga kwalta a wajen Birnin Kudu ka bi hanyar burji, za ka iske azuzuwa huɗu a jere cikin inuwar darbejiya, da ban ɗaki biyu can gefe. Malaman nan suna alfahari da cewa jiharsu Jigawa ce ta farko a Najeriya da aka tabbatar ta daina bahaya a fili, a watan Oktoban 2022. Sai dai masai ba ya wanke wa yaro hannu. Wannan aikin ya faɗa wuyan malamar 'yan aji ɗaya.

Na tarar ta shafa wa wata yarinya mai a tafin hannu, ta barbaɗa mata garin bula, irin wadda ake sa wa fararen kaya. Sai ta ce 'yan mata su yi tafa-tafa, maza kuma su riƙa miƙa wa juna fensir. Kafin wasa ya yi nisa, shuɗi ya kama hannaye, ya hau hijabai, ya kai marfin ƙofa.

"Kai, ka taɓa bular nan?" ta tambayi wani ɗan ƙaramin yaro.

"Wallahi ban taɓa ba, Malama."

"To, ya aka yi ta zo leɓenka?"

Aji ya kaure da dariya, shi kuwa ya yi tsuru yana duban yatsunsa. A nan ne ta ce musu haka ƙwayoyin cuta suke yawo, illa dai su ba su da launi. Yaro ɗan shekara shida ba ya tsoron abin da bai gani ba, ko za ka wuni kana yi masa wa'azin amai da gudawa. Yau ya ga hanyar da abu ke bi daga hannun wata har bakinsa.

Abin da ya fi burge ni shi ne wankin. Ta fara zuba musu ruwa zalla, suka murza, man ya riƙe bular ta ƙi fita, musamman a matsematsin yatsu da ƙarƙashin farce. Da aka kawo sabulu, kumfa ta ɗebe ta. Ainihin aikin sabulu ke nan: yana kwance maiƙon da datti da ƙwayoyin cuta ke maƙalewa a ciki, ruwa ya tafi da su. Akwai wani wasan da ake barbaɗa masoro a faranti mai ruwa, a tsoma yatsa mai sabulu, masoron ya watse gefe. Yara na son sa, amma yana sa su zaci cuta na gudun sabulu da an taɓa shi kawai. Na bula ya fi faɗin gaskiya, domin sai an cuɗa.

Da aka fita tara, masu awara da ɗanwake sun jeru a bakin fili, amma babu mai zuwa wurinsu sai ya bi ta wurin jarka. An rataye ta a sanda, an huda ta kusa da baki, an ɗaura igiya zuwa wani itace a ƙasa. Yaro ya taka itacen, jarka ta karkata, ruwa ya tsiyayo siriri, ba tare da hannu ya taɓa komai ba. Daga Zimbabuwe wannan dabara ta fito. Yaran suna wanke hannu suna rera wata 'yar waƙa da Malama ta tsara, wadda tsawonta ya kai daƙiƙa 20 da masana ke so.

Hedimasta ya ce wasu iyaye sun fara sauya al'adar nan ta kowa ya tsoma hannu a kwano ɗaya kafin cin tuwo, yanzu da buta ake zuba wa juna, saboda nacin 'ya'yansu. Damuwarsa ita ce sabulu da ruwa. Ranar 15 ga Oktoba, wadda duniya ta ware don wanke hannu tun 2008, sabulu kan wadata. Sauran kwanaki kuwa malamai ke yin karo-karo su saya, in ya ƙare a koma ga toka, kuma 'yan aji shida ne ke ɗebo ruwan jarka daga famfon tuƙa-tuƙa na bakin gari kowace safiya.