Ƙafafuna Biyu Duk a Kudu Suke

Shekara 14 na yi ina zana wa ɗalibaina layin Ikwaita da alli a kan allo, ina gaya musu cewa shi ne ya raba duniya gida biyu, Arewa da Kudu. Saboda haka da wani taron malamai ya kai ni Kito, babban birnin ƙasar Ekwado, sai 'yan ajina suka ɗora mini aiki guda: in dawo musu da hotona, ƙafa ɗaya a Arewa, ɗaya a Kudu. Na ɗauki alkawari nan take, don ban ga wata wahala a ciki ba.

Tun a daren farko birnin ya fara nuna mini iyakata. Kito tana zaune ne a kan tsaunukan Andis, mita 2,850 sama da teku, wato fiye da ninki biyu na tudun Jos da muke kuka da sanyinsa. A wannan tsayi nauyin iska ya ragu, don haka kowane numfashi yana kawo wa jiki kusan kashi 70 cikin 100 ne kawai na oksijin da zai samu a bakin teku. Hawa bene ɗaya sai da na tsaya ina haki kamar wanda ya yi tsere. Ruwan shayi ma a nan yana tafasa tun bai wuce digiri 90 da wani abu ba. Mai masaukina ta ce in sha ruwa da yawa, in ci abinci kaɗan, in bar hawan dutse sai jikina ya saba.

Na bi shawararta rabi da rabi. Ranar farko na zagaya tsohon gari, wanda Hukumar UNESCO ta sa cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, cikin rukunin farko da aka fara sawa. Na shiga cocin La Compañía, wanda aka fara ginawa a 1605 aka kammala a 1765, bangonsa da rufinsa duk an shafe su da zinare. Na sha romon dankali da cuku da suke kira locro. Kashegari kuwa taurin kai ya ja ni zuwa TelefériQo, wasu 'yan akwatuna da ke ɗaukar mutane a kan igiyar ƙarfe zuwa kafaɗar dutsen Pichincha mai aman wuta, kusan mita 4,000. A kan gangaren wannan dutse ne Janar Sucre ya ci sojojin Sifaniya da yaƙi ranar 24 ga Mayu, 1822. Daga can na hango birnin a miƙe kamar an shimfiɗa doguwar tabarma a cikin kwari, kafin ciwon kai ya sauko da ni ba shiri.

Rana ta uku na tafi cika alkawari. Mitad del Mundo, wato Tsakiyar Duniya, tana arewacin birnin, tafiyar kamar awa ɗaya. Akwai hasumiya mai tsayin mita 30 da siffar duniya a samanta, an gina ta tsakanin 1979 da 1982, ga kuma rawayan layi ya ratsa filin. Na shiga sahun baƙi, na buɗe ƙafafu, aka ɗauke ni. Da na koma gefe sai na duba taswirar wayata don in ɗauki hoton sifilin da za ta nuna. Ba ta nuna sifili ba. Na matsa, na dawo, na kashe wayar na kunna, amsar ba ta sauya ba. Layin gaskiya yana kimanin mita 240 arewa da inda aka shafa fentin. Ashe a hoton nan ƙafafuna biyu duk a Kudu suke.

Da farko raina ya ɓaci, na ji kamar an sayar mini da jabu. Amma tarihin wurin ya sa na sassauta. A 1736 ne wata tawagar masana daga Faransa, cikinsu har da Charles-Marie de La Condamine, ta iso wannan yanki domin warware wata gardama: shin duniya ta baje ne a tsakiyarta kamar yadda Newton ya ce, ko kuwa ta yi tsini ta wajen ƙarshenta na Arewa da Kudu? Hanyar ganewa ita ce a auna tsawon digiri ɗaya a kusa da Ikwaita, a kwatanta da wanda wata tawagar ta auna a Lapland, can ƙuryar arewacin Turai. Sun yi ta hawan duwatsu cikin sanyi da hazo, suna awo da sanduna da duban taurari, tare da ɗan ƙasar, Pedro Vicente Maldonado. Shekara 10 La Condamine ya yi kafin ya sake ganin Faris. Sakamakon ya gaskata Newton: digirin Ikwaita ya fi gajarta. Don tunawa da wannan aiki aka kafa hasumiyar, a wurin da awon da ya gabaci zamanin tauraron ɗan'adam ya nuna. Kuskuren mita 240 a jikin duniyar da kewayenta ya kai kilomita 40,000 bai kai a yi wa kowa dariya ba.

Duk da haka tambayar tana nan: me zan kai wa yaran? Hoton ya yi kyau, kuma babu wanda zai gane. A cikin motar komawa na daɗe ina jujjuya abin. Idan na nuna shi na yi shiru, sun sami abin da suka roƙa, ni kuma na koya musu ƙarya da hannuna. Idan na faɗi gaskiya, malaminsu ya tsallaka teku ya dawo bai cika alkawari ba. Direban da na ba labarin ya yi murmushi, ya nuna mini wani tudu daga nesa mai suna Catequilla, inda layin ya bi sosai, kuma akwai ragowar ginin mutanen da suka zauna a wurin tun kafin zuwan Turawa. Yamma ta riga ta yi, kuma a Kito rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida duk shekara, jirgina kuwa da asuba zai tashi. Ban samu zuwa ba.

Da na koma aji na manna hoton a allo, na rubuta 240 a ƙarƙashinsa, na ce su gaya mini ma'anar lambar. Darasin ya cinye mana mako guda. Mun fita fili da igiyar awo muka auna mita 240 daga ƙofar aji, ta kai mu har bayan katangar makaranta. A nan wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to layin da kake zana mana a allo fa, shi da nawa ya kauce?" Na ce mata ban taɓa aunawa ba, amma gobe ta zo da rula.