Shekarar da Aka Raba Donald Sterling da Clippers

Kafin watan Afrilun 2014, mai ƙungiya a gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka sarki ne a gidansa. Ɗan wasa in ya yi faɗa a fili a dakatar da shi, koci in ya caccaki alƙalin wasa a ci shi tara, amma attajirin da ya zuba kuɗinsa ya sayi ƙungiya da wuya a taka masa birki da gaske. Babu wanda ya ci moriyar wannan yanayi kamar Donald Sterling, lauya kuma mai tarin gidajen haya a Los Angeles, wanda ya sayi ƙungiyar Clippers a 1981 kan dala miliyan 12.5, lokacin tana birnin San Diego. A 1984 ya kwashe ta ya kai Los Angeles ba da izinin hukumar gasar ba. Aka ci shi tarar dala miliyan 25, shi ma ya maka hukumar a kotu, aka sasanta a kan miliyan 6, ƙungiyar kuma ta zauna inda yake so. Daga nan ya gane cewa takwarorinsa ba sa son doguwar shari'a, ya shekara 30 yana cin karensa babu babbaka.

Abin da ya kayar da shi faifan murya ne. A ƙarshen Afrilun 2014 kafar TMZ ta saki wata hira da ya yi da wata mata da yake hulɗa da ita, yana yi mata faɗa don ta sa hotonta da Magic Johnson, tsohon tauraron NBA baƙar fata, a Instagram, yana ce mata kada ta riƙa kawo baƙaƙen fata kallon wasannin ƙungiyarsa. Wannan a gasar da mafi yawan 'yan wasanta baƙaƙe ne, a ƙungiyar da kocinta Doc Rivers baƙi ne, tauraronta Chris Paul kuma shi ne shugaban ƙungiyar 'yan wasan NBA baki ɗaya.

Ranar 27 ga wata, kafin karawarsu da Golden State Warriors a Oakland, 'yan wasan Clippers suka taru a tsakiyar fili, suka tuɓe rigunan sama masu ɗauke da sunan ƙungiyar suka zubar a ƙasa. Jajayen rigunan da ke jikinsu kuwa a bai-bai suka sa su, don kada tambarin ya fito. Ba su ce uffan ba. Shugaba Barack Obama ya yi tir da kalaman daga Malesiya. Kamfanonin talla irin su CarMax da Kia da State Farm suka fara janye jiki, 'yan wasa kuma suka nuna a shirye suke su ƙaurace wa wasanni. Ranar 29 ga Afrilu, Adam Silver, wanda bai cika wata uku a kujerar kwamishina ba, ya haramta wa Sterling shiga duk wata harkar NBA har abada, ya ci shi tarar dala miliyan 2.5, iyakar abin da kundin gasar ya yarda a lokacin, sannan ya nemi sauran masu ƙungiyoyi su tilasta masa sayarwa.

A nan gardamar haƙƙin mallaka ta taso, kuma ba gardamar banza ba ce. Mark Cuban, mai ƙungiyar Dallas Mavericks a lokacin, ya yi Allah wadai da kalaman, amma ya yi gargaɗin cewa in aka fara raba mutum da dukiyarsa saboda abin da ya furta a cikin ɗakinsa, ba a san inda za a tsaya ba. Wasu suka ƙara da cewa hirar sirri ce aka fitar wa duniya. Duk mai mutunta sirrin mutane dole ya ji nauyin wannan magana.

Sai dai ni a ganina ta kauce wa asalin abin da Sterling ya mallaka. Ƙungiyar gasa ta fi kama da rumfa a cikin kasuwa: taka ce, kai ka saya, amma darajarta daga kasuwar take, kuma da sharuɗɗan kasuwar ka shiga. Clippers ita kaɗai ba ta da wanda za ta kara da shi. Kuɗin talabijin na ƙasa raba shi ake yi tsakanin ƙungiyoyi 30, sababbin 'yan wasa ma ta tsarin gasar ake zaɓar su. Sterling ya rattaba hannu a kundin da ya ce kashi uku cikin huɗu na masu ƙungiyoyi suna iya fitar da ɗayansu. Ba gwamnati ce ta ƙwace masa kaya ba, abokan ciniki ne suka ce zama da shi ya zame musu asara.

Ƙuri'ar ma ba a kai ga kaɗa ta ba. Matarsa Shelly ta samu shaidar likitoci cewa hankalinsa bai kai ya ci gaba da riƙon amanar dukiyar iyalin ba, ta ƙulla ciniki da Steve Ballmer, tsohon shugaban Microsoft, kan dala biliyan 2. Sterling ya ja, alƙali Michael Levanas ya ba matar gaskiya a Yuli, ciniki ya faɗa ranar 12 ga Agusta. A wannan shekarar aka sayar da Milwaukee Bucks kan miliyan 550, don haka kuɗin da iyalin suka karɓa ya ninka wancan fiye da sau uku.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya idan na waiwayi lamarin shi ne inda haƙƙin mallakar Sterling ya cutar da mutane da gaske, aka kawar da kai. A 2006 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta kai shi kotu bisa zargin hana baƙaƙen fata da 'yan asalin Latin Amurka da masu ƙananan yara haya a gidajensa. A 2009 ya biya sama da dala miliyan 2.7 aka rufe maganar, ba tare da ya amsa laifi ba, ma'aikatar kuma ta ce ba ta taɓa karɓar kuɗi mai yawan haka a shari'ar wariya kan gidajen haya ba. Waɗannan ba taurari ba ne masu lauyoyi da miliyoyin magoya baya. Magidanta ne masu neman ɗakin da za su sa iyalinsu, a ce musu babu, alhali akwai. A shekarar ce kuma Elgin Baylor, wanda ya yi shekara 22 yana babban manajan ƙungiyar, ya kai shi ƙara yana zarginsa da wariya, ko da yake bai yi nasara ba. NBA, ƙarƙashin kwamishinanta na lokacin David Stern, ba ta dakatar da Sterling ko na kwana ɗaya ba. Reshen Los Angeles na NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, lambar yabo ma ya ba shi a 2009, yana kuma shirin ƙara masa wata a Mayun 2014 faifan ya fito. Tsohon tauraron NBA Kareem Abdul-Jabbar na cikin waɗanda suka tambaya a lokacin: ina wannan fushin yake sa'ad da ake maganar 'yan haya?

Hukuncin da Silver ya yanke daidai ne, kuma bai taka haƙƙin kowa ba. Amma tun a 2009 ya kamata hukumar ta kira Sterling ta tuhume shi.