Attajirai da Ƙwallon Makaranta a Amurka

Akwai wata al'ada ta mutanen Amurka da ta daɗe tana ba ni mamaki. Manyan makarantunsu suna da ƙungiyoyin ƙwallo, irin ƙwallon nan mai siffar ƙwai da ake runguma a sheƙa da gudu. Attajiran da suka yi karatu a makaranta su ne ke zuba mata dukiya don ta riƙa cinye abokan karawarta.

A birnin Dallas na jihar Texas akwai jami'ar da ake kira SMU. A wancan zamani an hana biyan ɗalibi don ya yi wasa, amma attajiranta suka riƙa miƙa wa yara kuɗi a ɓoye. Da asiri ya tonu, hukumar wasanni ta hana su buga ƙwallo duk shekarar 1987. Gwamnan jihar, Bill Clements, ya faɗa da bakinsa cewa da yardarsa aka ci gaba da biya.

To, wa ya ɗanɗana kuɗarsa? Gwamna dai ya ƙarasa mulkinsa lafiya lau. Yara suka watse. Masu goyon baya kuwa, waɗanda ba su ci nanin ba, suka yi ta zuwa kallon ana lallasa su fiye da shekara 20. Su nake tausayi, su kuma nake girmamawa.

Tun 2021 an halatta ɗalibi ya sami kuɗi da sunansa. A 2024 SMU ta shiga sahun manya, da kuɗin attajiranta.