Katakon Marsandin Baba

Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, falken goro ne a Sabon Shagamu. Bai bar mana wani abin duniya mai yawa ba in ban da gida da wata tsohuwar Marsandi 230E ƙirar 1983. Shekara biyu da rasuwarsa sai yayana ya kawo shawarar a sayar da ita a raba kuɗin. Na roƙi arzikin a ba ni wata guda in gyara ta, wai don ta yi daraja a idon mai saye. A zuciyata kuwa jan lokaci kawai nake yi.

Injinta lafiya lau. Abin da ya lalace shi ne siririn katakon nan da ya ratsa gabanta, daga gefen sitiyari har murfin aljihun mota. Rana ta gasa shi, man sheƙinsa ya tsattsage kamar kaushin hunturu, bakinsa ya ɗago.

A kasuwar Ladipo ta Ikko na samo madadinsa, wanda aka ciro daga wata motar da ta gama zamaninta a Turai. Sunan icen zebrano, saboda ratsinsa irin na jakin dawa, kuma a dazuzzukan Kamaru da Gabon yake tsiro. Ashe maƙwabcinmu ne ya je Jamus aka fere shi siriri kamar takarda, ya dawo mana da tsada.

Ranar Asabar na zauna da wuƙar tebur ina ɓamɓarar tsohon a hankali, don kada in yaga robar da ke ƙarƙashinsa. Sai da ya zo hannuna na lura da wasu 'yan ramuka a tsakiyarsa, kamar tsattsagar kaza. Na daɗe ina juya shi kafin in gane. Carbin Baba ne. A jikin maɓallin rediyo yake rataye shi, duk ramin da muka faɗa tsakanin Shagamu da Kano sai ya bugi wurin.

Na goge tsohon gam da fetur, na shafa sabo fuska biyu, na jira minti goma ya sha iska. Irin wannan gam ba ya yafiya: da zarar fuskokin sun haɗu, magana ta ƙare. Guntu na farko ya zauna daidai. A na murfin aljihu hannuna ya yi rawa, ya karkace da kamar faɗin ƙwayar shinkafa. Babu wanda zai lura, amma ni shi nake fara gani.

Da yamma yayana ya leƙa ya ce, "Madalla, yanzu ta yi kuɗi." Inna kuwa ta shiga ta zauna a kujerarta ta gaba, ta shafa sabon katakon, ta daɗe ba ta ce uffan ba.

"Ina na da ɗin?"

"Yana cikin but, Inna."

"Kawo mini."

Ta naɗe shi a gefen mayafinta ta shige gida. Mai sayen zai zo ranar Laraba, kuma har yanzu ban gaya wa yayana na fara neman rancen da zan biya shi kasonsa ba.